Yaji a Gonar Inabi

Babbar 'yarmu ce ta haɗa mana tafiyar. Ta gama karatu, ta samu aiki a Alexandria ta nan Amurka, ta kama ɗaki a ɗaya daga cikin dogayen benayen nan, amma kusan kowace Asabar sai ta hau jirgin ƙasa ta zo gidanmu a Greenbelt cin tuwo. Rannan ta same ni a kicin ina kaɗa miyar kuka, mahaifinta yana falo yana sauraron labaran gida a waya. Ta tara mu wuri ɗaya, fuskarta cike da murmushin mai ɓoye albishir.

"Abba, Umma, tun da kuka yi aure ba ku taɓa zuwa ko'ina ba sai Kano da Saudiyya," in ji ta, da Hausarta mai ɗingishi. Daga nan Hausar ta ƙare mata, ta ƙarasa da Turanci. Ta ce ta shirya mana wata 'yar gajeriyar tafiya zuwa Italiya, wani tsohon gari da ke kan dutse. Za a sauke mu a can, a zaga da mu gonaki, a koya mana girki, mu ci mu ƙoshi mu dawo.

Malam ya cire tabarau ya dube ta. "Italiya kuma? Me muka ajiye a can?"

Ya kamata in faɗi ko wane ne Malam a gaban kwano. Injiniya ne, aikinsa bututun ruwa da magudanai, ya daɗe ƙwarai a ƙasar nan, amma cikinsa bai taɓa barin ƙauyensu na bayan Ɗambatta ba. In abokan aikinsa suka yi walima, sai ya je ya gaisa da kowa, ya riƙe kofin lemo har a tashi, ya dawo gida ya tambaye ni ko akwai ɗumame. Ni kuwa mai haɗa magani ce a wani asibiti, kuma ina son ɗanɗana abin da ban sani ba. Don haka kafin ya sake buɗe baki na riga na sa wa yarinyar albarka, na ce za mu je.

Ranar haɗa kaya ya ce in saka garin tuwo a akwati. Na ce ba zan shiga ƙasar mutane da muciya ba. Muka tsaya a kan kwalbar yaji ɗaya, irin na ƙuli-ƙuli da ƙanwata take aiko mini daga gida. Na naɗe ta cikin zani na tura ƙasan akwati.

Mun sauka a Roma da safe, muka hau jirgin ƙasa ya nausa da mu arewa. A wata ƙaramar tasha wata mata ta tarye mu da 'yar bas, mace mai fara'a da yawan magana, tana jin Turanci sosai. Ita ce jagorarmu kuma tafintarmu. Mu da wasu Amurkawa kaɗan ne a tafiyar, yawancinsu tsofaffi da suka yi ritaya. Tun daga nesa muka hango garin a ƙwanƙolin dutse, ganuwa ta zagaye shi, hasumiya ta miƙe a tsakiya. Motar ta yi ta hawa tana kwana har sai da kunnuwana suka toshe. A bakin ƙofar gari aka ce mu sauka, don daga nan sai ƙafa.

Da muka shiga, sai na ji kamar na san wurin. Lunguna ne 'yan matsattsu irin na cikin birnin Kano, in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya kauce. Tsofaffin mata na zaune a ƙofar gida suna bin mai wucewa da kallo, an shanya wanki daga wannan taga zuwa waccan. Sai dai komai da dutse aka gina, kuma babu inda yake a shimfiɗe: ko dai kana hawa, ko kana gangara. Gwiwoyina suka fara kuka tun ba a je ko'ina ba. Malam kuwa ya manta da ni gaba ɗaya. Ya durƙusa a tsakiyar titi yana duba wata kwata da aka sassaƙa a jikin dutse, yana kaɗa kai.

"Hajiya, zo ki ga aiki. Waɗanda suka yi wannan sun mutu tun kafin a san da Amurka, amma har yau ruwa yana bin inda suka ce ya bi."

Na ce masa ni ma ina son in bi inda aka ce akwai abinci.

Aka kai mu wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da aka haƙa cikin dutsen da garin yake kai. Sanyi ya tarye mu, da wani wari mai tsami-tsami. Manyan gangunan katako ne jere a jikin bango. A tsakiya an shimfiɗa dogon teburi, kuma a gaban kowace kujera an jera kofunan gilashi masu dogon wuya, reras kamar 'yan makaranta a layi. A kan faranti ga wani nama ja da aka yanka fale-fale har ana ganin faranti ta cikinsa.

Malam ya matso kusa da kunnena. "Hajiya, anya kuwa?"

Na tambayi jagorarmu. Ta ce ai wannan shi ne farkon shirin: ɗanɗana giyar inabi iri-iri, tare da naman alade da garin ya yi suna a kansa. Da na gaya mata mu Musulmi ne, ba ma shan wannan, ba ma cin wancan, sai ta dafe ƙirji. Ta ce babu wanda ya sanar da ita. Ta shiga ba da haƙuri da baki da hannu biyu, ta ruga ta kawo mana burodi da cuku da zaitun.

Ba ta kai ga yi wa mai wurin bayani ba ya shigo. Wani tsoho ne gajere, kakkaura, mai farin gashin baki, hannayensa kamar saiwar bishiya. Ya bi teburi yana zuba wa kowa, yana faɗin wasu kalmomi da alfahari. Da ya iso kan Malam, sai Malam ya rufe bakin kofi da tafin hannu, ya yi murmushi, ya girgiza kai. Tsohon ya dubi kwalbar, ya dubi Malam, ya gyaɗa kai kamar wanda ya gane: wato baƙon nan ya san abu, wannan ba ta kai masa ba. Ya tafi ya ɗauko wata. Malam ya sake rufe kofi. Tsohon ya ɗaga gira, ya shige can ƙuryar ɗakin, ya daɗe, ya fito rungume da wata kwalba mai ƙura, yana goge ta da hannun riga. Amurkawan nan suka yi tsit suna kallo. Malam ya rufe kofi.

Ban taɓa ganin fuska ta faɗi haka ba. Sai a lokacin jagorar ta iso da gudu ta yi masa bayani. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya yi tambaya, ta fassara mana.

"Ya ce ko ɗigo?"

"Ko ɗigo," in ji Malam.

"Ya ce tun da aka haife ka?"

"Tun da aka haife ni."

Tsohon ya ajiye kwalbar a hankali. Ya dafa kafaɗar Malam, ya dube shi cikin ido da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa. Na toshe baki da mayafi don kada dariya ta ƙwace mini.

Burodin garin ba a sa masa gishiri, wai haka suka gada. Da shi muka wuni. Bayan la'asar, a ɗakin masaukinmu, Malam ya zauna a bakin gado yana kallon akwati, na san garin tuwo yake tunawa. Ya ce zai kira yarinyar ya ji dalili. Da ta ɗauka, sai ya gaya mata abin da ya faru. Ta ce wallahi ta gaya wa masu shirya tafiyar, sun ce ba matsala. Ta shiga cewa ta ɓata mana komai. Nan take Malam ya sauya.

"Ke, wa ya ce kin ɓata? Gari ne mai kyau. Kin ga kwatocinsu kuwa? Burodinsu ma da daɗi."

Da ya ajiye wayar na ce, "Malam, burodin da daɗi?"

"Allah ya yafe mini," in ji shi. "Miƙo yajin nan."

Washegari aka gangara da mu gonar tsohon, a gindin dutsen. Gida ne na dutse, ga rumfa a gabansa, ga layukan inabi sun bi gangare har inda ido ya tsaya. Lokacin tsinka ne, ƙarshen damina a lissafinmu. Muna sauka daga mota Malam ya tsaya cak, ya ɗaga yatsa.

"Hajiya, kin ji?"

Na kasa kunne. Daga bayan gidan wani kuka yake tasowa, mai kaifi, mai naci, wanda rabona da jin sa tun ina zuwa hutu ƙauye. Zabi ne. Muka zagaya muka same su, garke guda, suna tsere a gindin itatuwan zaitun, da zanen jikinsu da sanƙon kansu, babu abin da ya raba su da na gida. Malam ya yi ta dariya shi kaɗai. Ya ce, "Ku kuma wa ya ba ku biza?"

A tsarin ranar, da safe za a zaga da baƙi a nuna musu yadda ake matsa inabi, sannan a shiga kicin. Amma tsohon hankalinsa ba ya tare da mu. Yana magana yana kallon sama. Hadari ne ya fara haɗowa daga bayan duwatsu, iska ta canja, kuma ma'aikatansa kaɗan ne, suna can ƙasa suna ta sauri. Malam ya shaƙi iskar, ya ce mini ruwan nan ba zai kai la'asar ba. Na ga yatsunsa suna motsi. Ɗan manomi ne, ba zai iya tsayawa yana kallo ana tsere da hadari ba. Sai dai kafin ya taɓa komai, ya kira jagorar.

"Tambaye shi, duk inabin nan giya za a yi da shi?"

Ta tambaya. Tsohon ya ce kusan duka. Sannan ya nuna wasu layuka da ke dab da gidan, ya ce waɗancan na matarsa ne. Ita dafa ruwansu take yi har ya yi kauri kamar zuma, ta ɗura a kwalabe, a ci da burodi har shekara ta zagayo. Ya ce kullum su ake bari a ƙarshe, kullum ruwa yake dukan su, kullum kuma sai ya sha faɗa.

"To a ba ni almakashi," in ji Malam.

Ya cire hula ya ba ni, ya naɗe hannun riga. Wata tsohuwa Ba'amurkiya daga cikin 'yan tafiyarmu ta ce ita ma ta gaji da kallon ganguna, ta bi bayansa. Kafin ka ce kwabo duk sun watse cikin layukan, jagorar tana binsu da kwanduna.

Ni kuwa matar gidan ce ta kama hannuna ta ja ni kicin. Doguwa ce, siririya, ta ɗaure kai da ɗankwali kamar 'yar gida, kuma tana magana ba ta jiran a gane. Ta zuba fulawa a kan katako, ta yi rami a tsakiya, ta zuba ruwa da ɗan man zaitun, ta kwaɓa. Ta yanko ɗan ƙulli, ta shiga murza shi da tafin hannu a kan katakon har ya zama dogon zare mai kauri. Ta ɗaga shi ta nuna mini, tana yi mini alamar in lura da kyau, abu ne mai wuya.

Na tsaya ina kallo, zuciyata ta tafi wani wuri. Na ga tsakar gidanmu a cikin birni, kakata zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafa, faranti a gabanta, tana murza taliya, mu jikoki muna ɗauka muna ratayawa a igiya. Taliya 'yar murji, wadda ake ci da manja da yaji. Na wanke hannu, na yanko ƙulli, na murza. Hannu bai manta ba. Na yi ɗaya, na yi biyu, na shiga jera su a gefen nata.

Matar ta yi wata ƙara har na zabura. Ta leƙa taga ta ƙwala wa jagorar kira, ta zo da kwando a hannu tana haki.

"Ta ce wa ya koya miki?"

"Kakata."

"Ta ce kakarki 'yar wane gari ce a Italiya?"

Na ce kakata ko Kaduna ba ta taɓa zuwa ba. Na gaya musu a garinmu ma ana yin wannan, kuma sunanta taliya. Matar ta maimaita kalmar, ta sake maimaitawa, sai ta buga katako da hannu, fulawa ta tashi. "Italiya!" in ji ta, tana nuna ƙirjinta. Na taɓa ji manya suna cewa fataken da ke ƙetaro hamada ne suka kawo mana ita, amma ban san gaskiyar zancen ba, kuma ba ta tsaya jin tarihi ba. A wurinta magana ta ƙare: mu 'yan uwa ne da aka daɗe ba a gani ba. Ta sumbace ni a kumatu biyu, ta bar mini fulawa a mayafi.

Sai maganar nama ta taso. Ta riga ta ji labarin jiya, ta ce ba za a yi baƙo a gidanta ya tashi da burodi ba. Me muke ci? Na nuna bayan gida. Ta gane nan take. Na ce amma da sharaɗi, maigidana ne zai yanka. Aka kira Malam daga cikin inabi, ya zo hannunsa duk ya yi shuɗi-shuɗi da ruwan 'ya'yan itace. Kama zabo a Italiya ma ba wasa ba ne. Tsohon da Malam suka yi ta zagaye itatuwan zaitun, ɗaya na tarewa ɗaya na kai cafka, zabi na tashi sama suna zagin su. Da ƙyar suka kama biyu. Malam ya wasa wuƙa a jikin dutse, ya duba alƙibla a waya, ya durƙusa. Da tsohon ya ga leɓensa na motsi, sai ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji har aka gama.

Ni da matar muka fige, muka gyara. Ta soya su da tafarnuwa da wani ganye mai ƙamshi da ta tsinko a bakin taga. Ƙamshi ya cika kicin. Ina murna, sai na ga ta miƙa hannu ba tare da ta duba ba, ta ɗauko wata kwalbar giya daga kan kanta, ta cire murfi da haƙori, ta karkata ta a kan tukunya. Na yi wuf na riƙe wuyan hannunta.

Muka tsaya muna kallon juna. Ta dubi kwalbar, ta dubi tukunya, sai ta tuna. Ta ɗaga hannu sama tana kiran Nana Maryamu ta zo ta ga abin da ake sa ta yi. Ta yi ta mita, na tabbata cewa take uwarta da kakarta ba su taɓa dafa zabo haka ba. Amma ta mayar da kwalbar. Ta matse lemon tsami, ta watsa zaitun, ta ƙara romo, ta rufe. Can ta buɗe ta ɗanɗana. Ta karkata kai gefe, ta turo leɓe, ta sake ɗanɗanawa.

Ruwan ya sauko bayan azahar, kamar da bakin ƙwarya. Masu tsinka suka shigo rumfa da gudu, kowa da kwando a ka ko a kafaɗa, jiƙe sharkaf, suna ihu suna dariya. Malam ne na ƙarshe. Layukan matar gidan an tsinke su tas. Ta fito ta ga kwandunanta jere a inuwa, ta dubi mijinta ta faɗi wata magana mai tsawo tana nuna Malam. Jagorar ta ƙi fassarawa, ta ce tsakanin miji da mata ne.

Ana shirya teburi sai tsohon ya ɓace. Can ya dawo da wani ƙaramin abin matsa na katako, ya ɗebi inabi daga kwandon da Malam ya shigo da shi, ya matse a gabanmu, ya tace da farin ƙyalle. Ya ɗauko kofin nan mai dogon wuya, ya wanke shi da kansa, ya zuba. Ruwan ja ne mai duhu, da 'yar kumfa a sama. Ya miƙa wa Malam da hannu biyu, ya ce wani abu.

"Ya ce wannan jariri ne," in ji jagorar, "bai yi zunubi ba tukuna."

Malam ya karɓa ya kai baki, tsohon ya tare shi. Ba haka ake yi ba. Ya nuna masa yadda zai riƙe kofin ta wuya, ya juya shi a hankali, ya ɗaga shi ga haske, ya sa hanci ya shaƙa. Malam ya bi duk umarnin da fuskar ɗalibi, sannan ya yi bisimilla ya kurɓa. Ya rufe ido. Duk rumfar aka yi shiru, sai ƙarar ruwan sama.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Ashe haka inabi yake. To me ya sa kuke ɓata shi?"

Jagorar ta yi jinkiri, sannan ta fassara. Tsohon ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ba shi yake ɓata shi ba, in aka bar shi 'yan kwanaki da kansa yake juyawa. Malam ya ce to ashe maganin abin a shanye shi da wuri, ya miƙa kofi a ƙara masa. Ni ma aka zuba mini. Zaƙinsa ba irin na lemon kwalba ba ne, yana da ɗan ɗaci a ƙarshe, ga sanyin ruwan sama a jikinsa.

Muka zauna a dogon teburi. Aka kawo taliyar da muka murza, an juye ta cikin miyar tumatir da tafarnuwa, aka kawo zabi. Su suna shan nasu, mu muna shan namu, babu wanda ya damu da kofin wani. Na fito da kwalbar yaji daga jaka na barbaɗa wa Malam. Tsohon ya miƙo hannu. Na yi masa alamar kaɗan, ya yi mini alamar shi ba yaro ba ne, ya zazzaga a kan cinyar zabo kamar mai zuba taki. Ya gatsa. Ya tauna sau biyu, fuskarsa ta yi ja har zuwa kunne, hawaye suka zubo cikin gashin baki. Ya laluba teburi, hannunsa ya faɗa kan kofin Malam, ya shanye shi tas. Matarsa ta yi ta tafi. Da ya samu numfashi, ya share ido, ya dubi kwalbar da girmamawa, ya sake barbaɗawa, wannan karon kaɗan.

Malam ya cinye farantinsa, aka ƙara masa, ya sake miƙawa. Na ce, "Malam, yau kai ne da abincin Turawa?"

"Wane abincin Turawa? Taliyar gida ce da zabo. Su ne dai suke cin namu."

Da ruwa ya ɗauke, su biyun suka fita cikin gona, ba tafinta. Ina hango su daga rumfa, suna tafe a hankali cikin taɓo. Tsohon ya durƙusa ya ɗebo ƙasa ya zuba wa Malam a hannu, Malam ya murtsuke ta ya sansana. Suka tsaya a gindin wata tsohuwar kurangar inabi, suka daɗe, kowa ya fito da waya yana nuna wa ɗan'uwansa hotuna.

A mota, muna hawa dutse, Malam ya ce, "Tsohon nan, 'ya'yansa maza biyu, duk suna birni. Babu mai niyyar dawowa. Bai san wanda zai riƙe gonar ba."

"Da wane yare ya gaya maka?"

"Ya nuna mini hotonsu, ya nuna hanya, ya nuna gonar, ya buɗe hannu. Ai ba sai an fassara ba." Ya juya yana kallon taga. "Ni ma na nuna masa gonar Baba. Ya tambaye ni yaushe rabona da ita. Na rasa abin da zan nuna masa."

Tun rasuwar mahaifinsu ƙanensa ne yake noma gonar, kuma in mun je gida a Kano muke zama, ƙauyen sai dai a leƙa a gaisa a juyo.

Ranar da za mu tafi, matar ta sa mijinta ya hawo da ita har bakin ƙofar gari. Ta kawo mini kwalba cike da dafaffen ruwan inabin nan, baƙi-baƙi kamar mazarƙwaila, da ɗuminsa. Na ba ta abin da ya rage na yaji. Muka rungume juna, tana magana ina magana, kowa da yarensa. Tsohon ya kama hannun Malam da hannu biyu ya daɗe bai saki ba.

Da muka dawo, Malam ya je gida a daminar da ta biyo, shi kaɗai, ya yi mako biyu a ƙauye. Ya dawo ya yi baƙi, tafin hannunsa duk kanta, yana ta labarin gero. Bai tsaya nan ba. A Greenbelt akwai wani fili a bakin kurmi da ake yanka wa mazauna gari 'yan ƙananan fuloti su yi lambu. Ya nema, aka ba shi. Ya shuka tumatir da kuɓewa da yakuwa, kullum ya taso daga aiki sai ya biya can da kayan ofis a jikinsa. Shuka ta yi kyau, har maƙwabtan lambu suna zuwa tambayar sunan yakuwa.

Wata safiya muka je muka tarar an yi wa lambun aski. Barewa ce ta fito daga kurmi da 'ya'yanta, suka cinye komai har ƙasa, suka bar masa sawu. Ina tsaye a gefensa ya kira ƙanensa, ya sa wayar a fili ina ji, ya tambaye shi yadda ake korar barewa daga gona.

Ƙanen ya ce, "Yaya, barewa ka ce? Da kanta ta zo?"

"Da kanta, har da 'ya'ya."

"Ikon Allah. Mu nan sai mu kwana a daji ba mu ga ko wutsiyarta ba. Ai Yaya wannan ba ɓarna ba ce, nama ne ya kawo kansa. Ka bar mata kuɓewar ta ƙara ƙiba."

Malam ya yi masa bayani cewa a nan in ka taɓa ta a cikin gari hukuma za ta taɓa ka. Ƙanen ya yi ta dariya har ya kira mutanen gida su zo su ji. Malam ya kashe wayar, ya tsaya yana kallon filin, hannu a ƙugu. A ranar ya sayo waya da turaku, ya zauna ya zana shinge a takarda kamar wanda zai gina madatsar ruwa, ya kafa shi ya fi tsayinsa. Ya sake shuka. Barewar takan zo har yanzu, ta tsaya a waje tana leƙe, shi kuma yana ciki yana ban ruwa, yana yi mata sannu da zuwa. Bana da kuɓewarsa muka yi miyar sallah.